CIWON DASASHI GA MASU SHAN TABA: KO KAFSO ZAI IYA TSAI DA HAƘORI?

Da wuya a sami tashar mota ko babbar kasuwa a ƙasar nan, tun daga Agege ta Ikko da Sabon Ibadan har a dangana da Kano da Maiduguri, wadda ba za a tarar da mai tallan magani a cikinta ba. In mutum ya kai masa kukan dasashinsa ya kumbura, ko haƙorinsa yana girgiɗi, ba ya ɓata lokaci, sai ya ƙirgo masa kafso huɗu ko shida, ya haɗa masa da Flagyl, ya ce a sha safe da yamma. Bayan kwana biyu kumburi ya sace, zafi ya lafa, mai ciwo ya yi ta sa albarka. Bayan wata uku abu ya dawo, a sake komawa. Haka za a yi ta yi har ranar da haƙorin zai fita da kansa, alhali kuwa ko ɗigon ruɓa babu a jikinsa.

Masu shan taba sigari su ne wannan ciwo ya fi yi wa ɓarna, su ne kuma magani ya fi wuyar kamawa a bakinsu. Saboda haka likitocin haƙori da kansu sun daɗe suna tambaya, shin in an ƙara wa mashayin taba maganin kashe ƙwayoyin cuta bisa aikin da aka saba yi masa a asibiti, zai warke kamar yadda wanda ba ya sha yake warkewa? An yi shekaru ana gwaje-gwaje a kan wannan tambaya a Ingila da Amurka da Birazil da Jamus, kuma amsar da aka samu ta cancanci mai karatu ya ji ta, domin ta shafi bakinsa, ta kuma shafi lafiyar jama'a baki ɗaya.

YADDA CIWON YAKE

Haƙori ba kafa shi aka yi cikin ƙashi kamar ƙusa a katako ba. Waɗansu siraran zaruruwa ne suke ɗaure saiwarsa da ƙashin muƙamuƙi, sa'an nan dasashi ya lulluɓe su. Tsakanin dasashi da haƙori akwai ɗan kwari wanda zurfinsa ga mai lafiya ba ya wuce milimita 1 zuwa 3. A bakin wannan kwari ne wata dauɗa mai yauƙi take taruwa kullum, ita kuwa dauɗar nan ba ragowar abinci ba ce kawai, tarin ƙwayoyin cuta ne masu rai. In ba a goge ta ba, sai ta haɗu da sinadaran da ke cikin miyau ta daskare ta yi tauri kamar dutse, yadda asuwaki ko buroshi ba sa iya fid da ita.

Da farko dasashi yakan yi ja, ya riƙa zub da jini in an goge baki. A wannan mataki ciwon yana warkewa sarai in an tsabtace haƙora. Amma in aka ƙyale shi, sai ɗan kwarin nan ya yi zurfi ya zama rami, ya kai milimita 5 ko 6 ko fiye. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Cikin ramin nan, inda iska ba ta isa sosai, miyagun ƙwayoyin cuta suke yaɗo. Jiki yakan aiko da dakarunsa su yaƙe su, to, cikin wannan dogon yaƙi ne zaruruwan nan suke tsinkewa, ƙashi ya riƙa zaizayewa kaɗan kaɗan. Ƙashin da ya tafi kuwa, galibi ba ya dawowa.

Abin da ya sa ciwon ke da haɗari shi ne yawanci ba ya zafi sai ya yi nisa. Alamominsa su ne warin baki da ba ya jin wanki, da janyewar dasashi har haƙora su zama kamar sun ƙara tsawo, da buɗewar giɓi inda da babu shi, da fitar mugunya, daga ƙarshe kuma girgiɗi. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya nuna cewa mutum fiye da miliyan dubu ɗaya ne suke fama da mai tsananin wannan ciwo, watau kusan mutum ɗaya cikin kowane baligai biyar.

ABIN DA TABA TAKE YI

Ɓarnar taba a dasashi iri uku ce. Ta farko ita ce ɓoye ciwo. Hayaƙin taba yana dakushe ƙananan jijiyoyin jini na dasashi, saboda haka dasashin mashayi ba ya yin ja sosai, ba ya kuma zub da jini kamar na sauran mutane. Jinin nan kuwa shi ne ɗan aiken da ke fara sanar da mutum cewa akwai matsala. Mashayin taba sai ya ga bakinsa ba jini, ya ɗauka lafiya lau yake, alhali ƙashi yana cinyewa a ƙasa.

Ta biyu ita ce raunana fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu ne su bi sawun ƙwayoyin cuta su haɗiye su. Ta uku ita ce jinkirta warkewa, domin ƙwayoyin halittar da ke ɗinke nama da gina ƙashi ba sa aiki sosai a jikin da ya saba da hayaƙi.

A shekarar 2000 waɗansu masana na Amurka suka bi bayanan mutum fiye da 12,000 da aka duba bakinsu a wani babban binciken lafiya na ƙasar. Suka tarar mai shan sigari ya ninka wanda bai taɓa sha ba kusan sau huɗu wajen yiwuwar kamuwa da ciwon, kuma kusan kashi 42 cikin 100 na masu ciwon a ƙasar ana iya danganta nasu da tabar da suke sha a lokacin. A 2004 rahoton babban likitan gwamnatin Amurka ya yanke cewa taba tana cikin abubuwan da ke haddasa ciwon. A 2017 kuwa, da manyan likitocin dasashi na Turai da Amurka suka taru a Shikago domin sake tsara matakan ciwon, suka amince cewa mai ciwon da ke shan kara 10 ko fiye a rana za a lissafa shi cikin waɗanda ciwonsu ke saurin ci gaba.

Mu nan Nijeriya, binciken da aka yi a 2012 kan shan taba tsakanin manya ya nuna mutum miliyan 3.1 ne suke busa ta, kuma cikin maza kashi 7.3 ne cikin 100. Wannan ba ƙaramin taron bakuna ba ne.

TUSHEN MAGANI

Kafin a zo maganar kafso, ya kamata a san abin da likita yake yi. Da farko yakan sa wani siririn ƙarfe mai ma'auni ya auna zurfin ramin da ke gefen kowane haƙori. Sa'an nan ya kankare dauɗar nan mai tauri da ke bisa haƙori, ya kuma shiga ƙarƙashin dasashi ya kankare wadda ta manne wa saiwa, ko da ƙarfen hannu ko da na'ura mai feshin ruwa. In rami ya yi zurfi akan yi allurar kashe zafi. Bayan wata biyu ko uku a sake aunawa a ga inda aka kwana.

Dalilin da ya sa kankarewa ta zama tilas shi ne, ƙwayoyin cutar nan ba a warwatse suke zaune ba. Sukan haɗu su gina wa kansu wata ganuwa ta yauƙi su zauna a ciki, kuma an gwada an gani cewa ƙwayar cutar da ke cikin irin wannan ganuwa tana iya jure maganin da ya ninka wanda zai kashe ta a fili sau ɗari ko fiye. Kafson da aka haɗiya yana bin jini ya isa dasashi, ya kashe na gefe, kumburi ya ragu. Na cikin ganuwa kuwa suna nan, da magani ya ƙare sai su sake cika ramin. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

Sai dai ko an yi kankarewar nan yadda ya kamata, ramin mashayin taba ba ya rufewa kamar na wanda ba ya sha. Daga nan ne tunanin ƙara magani ya taso.

YADDA KAFSO YA SHIGO

Labarin ya faro ne a Landan a 1962. An ba wata mata metronidazol, watau maganin da muka fi sani da Flagyl, saboda ciwon sanyi na mata, sai likitan haƙori ya lura cewa gyambon da ke dasashinta shi ma ya warke. Daga baya aka gane cewa maganin yana kashe irin ƙwayoyin cutar nan da ke rayuwa inda ba iska. A 1989 wani masani ɗan ƙasar Holan, van Winkelhoff, da abokan aikinsa a Amsterdam suka gwada haɗa metronidazol da amoksisilin ga masu ciwon da ya ƙi jin magani, suka ga amfani. Wannan haɗi shi ne aka fi yin bincike a kansa har yau.

To, da aka juya kan masu shan taba fa? A 1999 aka yi gwaji a Landan inda aka kasa marasa lafiya kashi uku. Kashi ɗaya kankarewa kawai aka yi musu, kashi na biyu aka ƙara musu metronidazol na haɗiya, na uku aka zuba musu shi cikin ramin. Bayan wata shida ba a ga wani bambanci tsakanin kashi ukun ba. Bambancin da ya fito fili shi ne na taba: ramin waɗanda ba sa sha ya ragu da kusan milimita 2, na mashaya kuwa kaɗan ya haura milimita 1.

A 2005 aka gwada azitromaisin a Jami'ar Mishigan ta Amurka kan mutum 31 masu shan kwali guda ko fiye a rana, aka ga waɗanda suka sami maganin ramukansu sun fi raguwa. A 2008 a Birazil aka gwada kan mashaya 43, aka ga haɗin amoksisilin da metronidazol bayan kankarewa ya fi kankarewa ita kaɗai. Amma mai karatu zai lura da ƙarancin mutanen, ga shi kuma watanni kaɗan ne aka bi su, alhali ciwon na shekaru ne.

Gwaji mafi girma shi ne wanda aka yi a Jamus aka bayyana sakamakonsa a 2015. Mutum 506 ne suka shiga, da mashaya da waɗanda ba sa sha. Bayan kankarewa, rabi suka sha amoksisilin da metronidazol sau uku a rana har kwana bakwai, rabi kuma aka ba su ƙwayar da ba magani a cikinta, ba tare da kowa ya san wadda ya samu ba. Aka bi su fiye da shekara biyu. A bakin waɗanda ba su sami magani ba, kashi 7.8 cikin 100 na wuraren da aka auna sun ci gaba da lalacewa. A bakin waɗanda suka samu, kashi 5.3 ne. Amfani akwai shi, amma ɗan kaɗan ne, su kansu masu binciken sun yi kashedin a yi hattara wajen ba da maganin.

A 2016 waɗansu masana suka tattara gwaje-gwajen da aka yi kan mashaya taba zalla suka auna su tare. Suka ga maganin da likita ke sa wa kai tsaye cikin ramin yana ƙara amfani, ko da yake ƙarin bai kai milimita 1 ba. Na haɗiya kuwa ba su sami ƙwaƙƙwarar shaida a kansa ba. Saboda irin waɗannan dalilai ne Tarayyar Likitocin Dasashi ta Turai, cikin ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce kada a mai da ba da maganin haɗiya al'ada ga kowane mai ciwon. Ta bar ƙofa a buɗe ga waɗansu kaɗan, kamar matashin da ciwo ya game bakinsa ya kuma yi tsanani. Taimaka wa majiyyaci ya bar taba kuwa, ta sa shi cikin matakin farko na magani.

ABIN DA AKE BIYA

Wani zai ce, tun da akwai amfani ko kaɗan ne, me zai hana a sha? Amsa ita ce kafso ba alewa ba ne. Metronidazol yana kawo tashin zuciya da ɗanɗanon ƙarfe a baki, ba a haɗa shi da giya, yana kuma ƙara wa warfarin ƙarfi, watau maganin nan na hana jini daskarewa, har ya jawo zubar jini. Amoksisilin dangin fenisilin ne, kuma akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓarsa, ya fesa musu ƙuraje ko ya toshe musu numfashi. Azitromaisin yana iya rikita bugun zuciya ga mai ciwon zuciya, abin da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2013. Tetrasaikilin, wanda ake kira ja da yalo, yana rina haƙoran yara har abada in an ba yaro ƙasa da shekara 8 ko mace mai ciki.

Babbar hasara kuwa ta kowa da kowa ce. Duk lokacin da aka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, musamman in an sha rabi an bari, raunanan ƙwayoyi sukan mutu, masu taurin kai su tsira su hayayyafa. Tun a 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi kashedi a kan shan abin da bai kai ƙima ba. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma in an gwada da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ke kan gaba, da mutum 27 cikin kowane 100,000. Amoksisilin ɗin da magidanci ke haɗiya saboda dasashinsa shi ne dai maganin da ake dogara da shi in ciwon haƙarƙari ya kama jaririnsa. In ya dakushe shi yau a banza, ranar da ake bukatar kaifinsa ba za a samu ba.

INDA MAGANI YA WAJABA

Kada a ɗauka cewa an haramta maganin ne gaba ɗaya. Akwai inda rashin shansa ne haɗari. In kumburi ya tashi daga dasashi ya bazu zuwa kunci ko ƙarƙashin haɓa, ga zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya ta gagara, to, a garzaya asibiti ran nan. Haka kuma gyambon dasashi mai tsananin zafi da ɗoyi, wanda ya fi kama mashaya taba da masu ƙarancin abinci, in ya zo da zazzaɓi akan haɗa wa mai shi da metronidazol.

Akwai kuma samari da 'yan mata da ƙashinsu ke zaizayewa da sauri tun ba su kai shekara 30 ba, ko da bakinsu ba dauɗa sosai. Bincike a Maroko da Ghana ya nuna cewa wani nau'in ƙwayar cuta mai dafi da ke da hannu a irin wannan ciwo ya fi yawa tsakanin mutanen Afirka ta Arewa da ta Yamma. Irin waɗannan matasa suna cikin waɗanda suka fi cin moriyar ƙarin magani. Ko a nan ma sharaɗi uku ne: likita ne zai rubuta, a sha shi lokacin da aka kammala kankarewa, a kuma cika kwanakin da aka yanka.

MAGANIN DA BA A SAYE

A 2005 likitoci a birnin Newcastle na Ingila suka bi mashaya 49 masu ciwon dasashi har shekara guda, bayan an yi musu kankarewa an kuma taimaka musu su bar taba. Waɗanda suka bari ramukansu sun fi rufewa bisa na waɗanda suka ci gaba da sha. Binciken nan na Amurka na 2000 shi ma ya nuna cewa haɗari yana raguwa shekara bayan shekara, har wanda ya yi shekara 11 ko fiye da bari ya kusa komawa daidai da wanda bai taɓa sha ba.

Abu guda ya kamata mai niyyar bari ya sani tun da wuri. Cikin makonnin farko dasashinsa zai iya fara zub da jini fiye da da. Wannan ba sabon ciwo ba ne, jini ne ya dawo hanyarsa, ciwon da taba ta rufe ya bayyana. Kada wannan ya sa shi komawa ga kara, likita ya kamata ya nufa.

Hukuma ma tana da nata rabon. Dokar hana yaɗuwar shan taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara kara. Amoksisilin da metronidazol kuwa suna cikin magungunan da bai kamata a sayar ba sai da takardar likita. Duk wanda ya ratsa tasha ya san nisan da ke tsakanin doka da abin da ake yi.

Ga mai shan taba da ke son haƙoransa su raka shi tsufa, hanya a fili take. Ya goge baki sau biyu a rana, da buroshi ko asuwaki, yana bin bakin dasashi ciki da waje, yana kuma tsabtace tsakanin haƙora. Ya je a auna masa zurfin ramukan bakinsa ko da ba ya jin zafi, domin rashin jini ba shaida ba ce gare shi. In yana da ciwon sukari ya kula da shi, domin shi da ciwon dasashi kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Asibitocin koyarwa na Idi Araba a Ikko, da Ibadan, da Binin, da Inugu, da Kano, da Maiduguri duk suna da sashen haƙori, haka ma manyan asibitocin jihohi da dama. In likita ya ga ciwonsa na cikin waɗanda ke bukatar kafso, zai rubuta masa. In bai rubuta ba, ba rowa ya yi masa ba. Kuɗin kwalin taba na 'yan watanni zai rage masa nauyin kuɗin wankin haƙori, kuma barin tabar shi ne taimakon da ba wani likita da zai iya yi masa in bai yi wa kansa ba.